Hoton Hitler mai sa hannu: na Lloyd George ko na Mackenzie King?

Ɗan'uwa da ka ce ka ji Hitler ya ba wasu manyan Ingila da Kanada hotonsa da sa hannunsa kafin yaƙin duniya na biyu, kana tambayar wanne ya fi nauyi a tarihi, to ga yadda nake gani.

Na David Lloyd George shi ya fi suna. A watan Satumba 1936 ya je har gidan Hitler na kan dutse, Berghof, kusa da Berchtesgaden. Mutumin nan fa shi ne firaministan Ingila daga 1916 zuwa 1922, a hannunsa aka ci Jamus a yaƙin duniya na farko, kuma yana cikin waɗanda suka rattaba hannu a yarjejeniyar Versailles ta 1919 wadda kullum Hitler yake tsine wa. Hitler ya karrama shi sosai ya ba shi hoton, dattijo ɗan shekara 73 ya dawo gida kansa ya fasu, har ya rubuta a jaridar Daily Express yana kwatanta shi da George Washington, shugaban Amurka na farko. Abin kunya ne wlh. Amma ba da yawun gwamnati ya je ba, rabonsa da mulki shekara 14, kuma zuwa 1938 ya juya yana sukar Chamberlain, firaministan Ingila a lokacin, kan sulhun da ya yi da Hitler a Munich.

Shi kuwa Mackenzie King yana kan kujerar firaministan Kanada lokacin da ya zauna da Hitler a Berlin ranar 29 ga Yuni 1937, bayan ya halarci naɗin sarautar Sarkin Ingila George na shida a Landan. Ribbentrop, jakadan Jamus a Landan a lokacin, shi ya share masa hanya, dama ya taɓa zama a Kanada yana saurayi kafin yaƙin farko, shi ma King a wani gari mai suna Berlin na Ontario aka haife shi (Kitchener ake ce masa tun 1916), to ka ga hira ta samu mafari. Aka ba shi hoton a firam na azurfa. Abin da ya fi damuna shi ne King mutum ne mai rubuta komai a littafin sirrinsa, kuma a ciki ya yabi Hitler a matsayin mai son jama'arsa da gaske, har da yabon idanunsa, ya tafi da imanin cewa mutumin nan ba yaƙi yake nema ba, alhali tun 1935 dokokin Nuremberg sun raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa. Eh ya gaya masa idan aka taɓa Ingila Kanada ba za ta zura ido ba, wannan kam a ba shi. Amma gwamnatinsa ce a 1939 ta ƙi karɓar jirgin ruwan St. Louis mai ɗauke da Yahudawa 'yan gudun hijira sama da 900, sannan ranar 10 ga Satumba 1939 shi ɗin ne dai ya shigar da Kanada yaƙi da Jamus, inda 'yan ƙasarsa sama da 45,000 suka mutu.

Don haka ni a wurina na King ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Na Lloyd George ruɗin tsohon ɗan siyasa ne, na King kuwa shugaba mai ci ne aka yi wa daɗin baki, kuma muna da littafin sirrinsa da ke nuna yadda abin ya shige shi.

In kuma saye kake tunani a wajen masu gwanjo, ka bi a hankali, jabun sa hannun Hitler sun yi yawa. A 1983 mujallar Stern ta Jamus sukutum ta sayi littattafan sirri na bogi da Konrad Kujau ya rubuta da sunan Hitler, don haka duk hoton da ba a san hannun da ya bi ba tun daga mai shi na farko, kar ka zuba kuɗinka.