Gargaɗi: mai sayar da shayin Faransa a Instagram ta ci min naira 64,000

Naira 64,000, jama'a. Kwana uku ke nan, in na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Kada wani ya ce ban san shayin ba, na san shi sarai. Bara Antina ta dawo daga Faris da gwangwani guda. Baƙin shayi ne mai ƙamshin cakulan da wani ɗan itace da Faransawa ke kira maro, wanda suke gasawa a bakin titi lokacin sanyi, ɗanɗanonsa kamar gasasshen dankalin Hausa. Ganyen dogo-dogo ne, da ɓarɓashin koko a ciki. Minti 4 cikin ruwan zafi, ya fito ja garau, kana hango gindin kofi.

Kuma na gwada matar nan fa! Na ce a ina aka fi noman maro a Faransa, ta ce Ardesh, can kudu. Daidai ta faɗa. To me zan zarga? Muryarta har yanzu tana kunnena: "Hajiya, amana ce tsakaninmu, gwangwani biyu suka rage." Giram 100 kowanne, 32,000 kowanne. Na tura 64,000 cif.

Da na buɗe, garin shayin kasuwa ne aka cakuɗa da hodar koko, sai warin filebon kek. Na dafa, ya fito dulu-dulu, laka kwance a ƙasa. Kuma a gaban surukata, wadda na yi mako ina ba ta labarinsa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ba ta ce komai ba. Wallahi shirun nan ya fi min kuɗin ciwo.

Kafin nan ma, ranar da zan biya, sunan namiji ya fito a asusun. Mai shayin ta ce na maigidanta ne. Mata nawa ke sana'a da asusun mazansu? Ba sakaci na yi ba. Murfin kuma da salatif aka naɗe shi, sai daga baya na lura, ko tun a hannun ɗan saƙon ne, oho. Na kira, ta ce kuskuren yaronta ne, za ta maido min 64,000 ɗina da yamma. Da yamma ta toshe ni.

Ku sa a buɗe gwangwani a nuna muku ganyen a bidiyo kafin ku biya. Hotunan hirarmu da rasit suna wayata, da daddare zan saka su duka, har muryar da ta ce amana.