Pather Panchali: fim ɗin Indiya da babu rawa a ciki

Wanda ya taso da kallon finafinan Indiya masu waƙa da rawa da gwabzawa da bos zai ɗauka kuskuren faifai aka yi masa. Pather Panchali baƙi da fari ne, da harshen Bengali, kuma ya fita tun 1955. Shi ne fim ɗin farko na Satyajit Ray, wanda ya fara shi ba tare da wani babban kamfani ba, har gwala-gwalan matarsa ya jinginar, aikin ya yi ta tsayawa sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa kuɗi aka kammala. Na kalle shi da fassarar Turanci a ƙasan allo.

Labarin gidan Harihar ne a ƙauyen Nischindipur. Malamin addinin Hindu ne mai burin zama marubuci, aljihu kuwa fayau. Matarsa Sarbajaya ce ke fama da gida: yara biyu, Durga da Apu, ga wata tsohuwa 'yar'uwar maigida mai suna Indir, ga bashin maƙwabta.

Zaman Sarbajaya da tsohuwar nan shi ya fi tsaya mini a rai. Tana yi mata gori kan ɗan abin da take ci, tana hantararta, har ta kai ga hana ta zama a gidan, tsohuwar ta je ta mutu a bakin daji ita kaɗai. A wani fim ɗin da an mai da Sarbajaya muguwa, a sa mata kiɗan mugaye. Nan ba haka ba. Kana gani da idonka shinkafa tana ƙarewa, miji ya tafi neman kuɗi wata da watanni ba aike, tana fitar da kwanukan gidanta tana sayarwa. Haushinta ya kama ni, amma na kasa tsine mata. Chunibala Devi da ta fito a tsohuwar tana kusan shekara 80 a lokacin, kuma ba ta bar wa kowa fage ba.

Sai rasuwar Durga, bayan ta yi wasa cikin ruwan sama zazzaɓi ya kama ta. Uban ya dawo bai san komai ba, yana ta fito da tsaraba, ya miƙo sarin da ya sayo wa 'yarsa. Uwar ta fashe da kuka, amma ba ka jin muryarta, wani kiɗa mai kaifi kamar na goge ne ya rufe ta. Ravi Shankar ne ya yi kiɗan fim ɗin. A nan sai da na dakatar da kallon na ɗan fita waje.

Ba zan ɓoye ba, yana da jan jiki. Awa biyu ne da 'yan mintoci, kuma rabin farko kusan duk yara ne suna bin mai alewa ko suna gudu cikin ciyayi don ganin jirgin ƙasa. Harihar ma, a ganina, an yi masa sassauci; mutumin da ya bar iyali haka ya kamata a ɗan tuhume shi.

Idan za ka nema, nemi kwafin da aka gyara a 2015. Tsofaffin da ke yawo a intanet sun dusashe, wuraren da aka ɗauka da dare ma da ƙyar ake gane fuskoki.