Microsoft 365, Google Workspace ko Zoho: wa za ka ba ajiyar bayanan mutane?

A azumin da ya wuce wani dattijo mai ƙaramin asibiti a nan Sakkwato ya aiko a kira ni. Yaron da ke rubuta sunayen marasa lafiya ya ajiye aiki ya bar gari, ashe fayilolin shekara uku, da sakamakon gwajin jini da lambobin wayar mutane, duk suna cikin Gmail ɗinsa na ƙashin kansa. Alhaji ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, ni ka biyan albashi nai, amma shi ad da makulli?" Na ce, "Alhaji, haka abin yake, sai in ya ga dama." Allah ya sa yaron ɗan halak ne, washegari ya turo kalmar sirri. Daga nan muka zauna zaɓen tsarin imel da ajiyar fayiloli da asibitin zai saya da sunansa.

Da ma doka ba ta bar wannan a hannun kunya da mutunci kaɗai ba. Tun watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk mai tara sunaye, lambar NIN, BVN ko tarihin ciwon mutane, asibiti ne, kemis ne, makarantar kuɗi ce ko kamfanin shirya Umara, dokar ta hau kansa. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Tarar ƙaramar sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta manyan masu riƙe bayanai kuwa miliyan 10 ce ko kashi 2 ɗin. A 2024 an ci tarar wani babban banki sama da naira miliyan 555.

Dokar tana kuma son rubutacciyar yarjejeniya tsakaninka da wanda ka ba ajiya. Kamfanonin uku duk suna da irin wannan takarda ga mai biya da sunan sana'a, kuma duk suna da ISO 27001, wato shaidar ƙasa da ƙasa ta ingancin tsaron bayanai. Gmail na kyauta ba ya ba ka ita. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasiƙunka kuma suna ƙetare: Microsoft ya buɗe nasa na Afirka a Johannesburg da Cape Town a 2019, Google yana barin masu wasu matakai su zaɓi Amurka ko Turai. Tunda dokar ta gindaya sharaɗi kan fitar da bayanai waje, sauke takardar yarjejeniyar ka adana, ka kuma rubuta a fom ɗin da mutane ke cikewa cewa a waje ake ajiya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne su tsaya gardamar suna, wai Google ko Microsoft. Kariyar tana cikin matakin da ka biya, kuma mataki mai arha na kowane kamfani kusan jirgi ɗaya ya kwaso su: imel da sunan sana'arka, wurin ajiya, tantancewa mai mataki biyu, da ikon rufe asusun ma'aikaci ranar da ya tafi. Wannan kaɗai da ya raba Alhaji da fargabar da ya sha.

Microsoft yana da matakai uku ga sana'ar da ba ta haura mutum 300 ba: Business Basic, Standard da Premium. Standard ne ake yawan saya saboda yana zuwa da Word da Excel na kan kwamfuta, masu aiki ko sabis ya ɗauke, kuma duk wanda ya taɓa jiran shafi ya buɗe da tsakar rana a Mabera ya san darajar wannan. Sai dai rigar ba ta kai wuya ba. Fayil ɗin da ke aiki ba intanet yana zaune ne a cikin kwamfutar, in an sace ta a mota an sace shi. Premium ne ke zuwa da Intune, wanda zai tilasta kulle ma'ajiyar kowace kwamfuta ta yadda ɓarawo ba zai karanta komai ba, ya kuma hana a kwafe rubutu daga Outlook zuwa WhatsApp a wayar ma'aikaci. A garin da sakamakon gwaji ke yawo a WhatsApp kamar katin ɗaurin aure, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba zai hana mutum ɗaukar hoton allo da wata wayar ba, wannan kam sai tsoron Allah.

Premium yana kuma da mai gadin da ke leƙa wasiƙa kafin ta fita, in ya ga irin bayanan da ka hana fitarwa ya tare ta ko ya yi gargaɗi. A nan akwai wani tarko da na faɗa da kaina. Na koya masa ya tare duk lamba mai alƙaluma 11, don NIN da BVN haka suke, na manta lambar wayarmu ma 11 ce. Kafin azahar babu wasiƙar da ta fita ba gargaɗi, sai da na ƙara sharaɗin cewa kalmar NIN ko BVN ta zo kusa da lambar.

Google Workspace ya fi sauƙin hannu, don babu yaron da za ka ɗauka aiki bai san Gmail ba. Business Starter yana ba kowane mutum gigabait 30, Standard terabait 2, Plus terabait 5. Amma Vault, wato taskar da ke riƙe wasiƙa ko da ma'aikaci ya goge ta, kuma take ba ka damar binciko ta ranar shari'a, sai daga Plus take farawa. Mai gadin nan da ke tare bayanai kuwa Google ya ajiye shi a matakin Enterprise. Saboda haka idan ka jera Plus da Premium na Microsoft, waɗanda kuɗinsu ke kusa da juna, Premium ya fi kayan tsaro, Plus ya fi wurin ajiya da sauƙin koyo. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abin da aka goge, mai gudanarwa, wato mai riƙe da babban asusun da ke juya sauran, yana da ƙarin kwana 25 ya ceto shi. Na OneDrive, ma'ajiyar Microsoft, kwana 93 ne. Ka tuna kuma in za ka goge asusun wanda ya tafi, fara mayar da fayilolinsa hannun wani, don Google kwana 20 yake ba ka ka dawo da asusun, Microsoft 30.

Zoho kamfanin Indiya ne, yana da ofis a Legas, ya fi su arha kuma yana karɓar naira, abin da ke sauƙaƙa wa mai lissafin da ya gaji da hawa da saukar dala. Taskar riƙe wasiƙu da bincikensu tana cikin matakinsa na Workplace Professional. Ga mai dillancin albasa ko shagon siminti da ke da ma'aikata biyar, wanda abin da yake riƙewa bai wuce sunan abokin ciniki da lambar waya ba, ya wadatar. Matsalarsa a wajena masu gyara: in ya rikice, waɗanda suka san cikinsa a garin nan ba su kai na sauran biyun ba.

Ni dai ga yadda nake raba su. Asibiti, ɗakin gwaji, ofishin lauya da ƙaramin bankin al'umma, su daure su sayi Premium, ko da ga mutum huɗun da ke taɓa fayil ne kawai, sauran a ba su Basic, tunda Microsoft yana barin a gauraya. Makaranta ko ƙungiyar agaji da ma'aikatanta ke yawo ƙauyuka da waya, matakin Plus na Google Workspace ɗin nan ya fi dacewa da su. Ƙaramin ciniki, Zoho ko matakin farko na Google.

Kowanne ka ɗauka, yawanci ta hannun dillali za ka saya don ka biya da naira, to ka tambaye shi a gaban shaida: asusun mai gudanarwa da sunan wa yake, sunan shafin da aka yi wa rajista na wa ne, kuma shi dillalin yana iya shiga ciki? Na ga makarantar da ta shekara biyu tana biya, ranar da suka saɓa da mai haɗa musu ta gane komai da sunansa yake. Alhaji kam Premium huɗu muka saya masa da Basic shida, asusun gudanarwa da sunansa, lambar tantancewa tana shiga wayarsa. Lambobin ceto na buga masa a takarda, ya naɗe ya sa a cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun filin asibitin.