Tafiyar ƙafa ta safe a gandun dajin Mole: na kai Baba, ga abin da muka tarar

Tun kafin mu bar Kumasi ƙannena suka yi ta ja da ni a kan wannan tafiya. Wai dattijo mai shekara 73, mai ciwon gwiwa, wanda ko masallacin Juma'a sai a mota ake kai shi yanzu, yaya za a ce a shiga daji da shi a ƙafa? Ban raina maganarsu ba. Sai dai likita ya ce lallai Baba ya riƙa taka ƙasa, shi kuwa ya rantse ba zai yi ta kewaya layin unguwa yana tsallaka kwata yana kauce wa 'yan babur da sunan motsa jiki ba. Shi ya sa na shiga neman wurin da ƙasa take shimfiɗe, da inuwa, da ruwa a kusa. Na samu a Mole, kuma ina rubuta wannan ne saboda masu dattijo a gida da suke zaton irin wannan fita sai matasa ko Turawa masu jakar goyo.

Mole tana arewacin Ghana, a yankin Savannah, kusa da garin Damongo. Ita ce gandun daji mafi girma a ƙasar, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe wurin domin namun daji a 1958, aka mai da shi gandun ƙasa a 1971. Mu daga Kumasi muka bi ta Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe, muka karya hagu a mararrabar Fufulso zuwa Damongo, sai Larabanga, sai ƙofar gandun. Tafiyar kusan yini ce, amma kwalta ce har Larabanga. A ƙarshen Janairu muka je, hunturu bai gama janyewa ba.

Abin da ya sa Baba ya amince tun farko kalma ɗaya ce: Gwanja. Da na ce masa dajin a ƙasar Gwanja yake, sai ya gyara zama. Kakansa da ayarin fatake ya baro Kano, da jakuna da kanwa da fatu, ya zo Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro, bai kuma koma ba. Na gaya masa Salaga tana can gabas, ba ta wannan gefen ayarin ya bi ba. Ya ce ai daji ɗaya ne, itatuwa ɗaya ne, yana so ya ga irin abin da idon kakansa ya gani.

Ana fita tafiyar ƙafa sau biyu a rana, da misalin ƙarfe bakwai na safe da kuma wajen uku da rabi na yamma, kowace kamar sa'a biyu. Ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai, sai da ma'aikacin gandun ɗauke da bindiga. Mun zaɓi ta safe, kuma ita nake ba kowa shawara. Abu na farko da ma'aikatan suka duba ƙafafunmu ne. Baba ya fito da takalminsa na fata buɗaɗɗe wanda ba ya rabuwa da shi, aka ce a'a, sai rufaffen takalmi. Ya ɗan ɓata rai, amma Allah ya sa na taho masa da kambas a jaka. Daga baya da muka ga irin ƙayar da ke kwance a hanya da tururuwa masu cizo, shi da kansa ya ce gaskiyarsu.

Wanda aka haɗa mu da shi ba yaro ba ne, zai yi shekara arba'in da ɗoriya, ɗan yankin ne, kuma yana jin Hausa irin ta zango. Na ja shi gefe na gaya masa matsalar gwiwar. Bai yi wani dogon bayani ba, ya je ya rusuna ya gaida Baba, ya ce, "Alhaji, kai za ka bi bayana, tafiyarka ita ce tafiyarmu." Haka kuwa aka yi har muka dawo. Mu tara ne a rukunin, ba wanda ya ji an ja shi, ba wanda ya ji an tsayar da shi, domin duk inda Baba ke bukatar numfasawa sai mutumin ya samo abin nunawa a daidai wurin. Sai da muka yi nisa na gane da gangan yake yi. Tun daga nan Baba ya sa masa suna jagaba, kamar mai jan ayari a zamanin fatauci.

Masauki da ofishin gandun a kan tudu suke, tafkunan da dabbobi ke sha kuma suna ƙasa, kana tsaye a sama kana hango su. Saboda haka farkon tafiyar gangara ce a kan tsakuwa da jan dutse mai santsi. A nan ne kawai na riƙe hannun Baba. Da ka sauka, shi ke nan, fili ne shimfiɗe, hanyar da ƙafafun dabbobi suka daddaɓe, ciyawa ta bushe ta kwanta, itatuwa a warwatse kamar gonar da aka daɗe ba a noma ba.

Ba mu yi minti goma ba jagaba ya tsaya ya nuna ƙasa da bakin sandarsa. Sawun giwa ne a cikin busasshen laka, zagayayye kamar faranti, har da tsage-tsagen tafin ƙafar sun fito. Ya ce idan ka auna kewayen sawun ƙafar gaba ka ninka biyu, ka samu tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Gaba kaɗan ga kashinta, curi-curi. Ya fasa ɗaya da sanda, ya sa bayan hannu kusa ya ji ɗumi, ya ce ba ta daɗe da wucewa ba. A ciki ga ɓawon itace, ga zaren ciyawa, ga ƙwallayen 'ya'yan itace ko ƙwarzane babu. Ya ce haka giwa ke shuka daji: ta ci a nan, ta kai iri can nesa ta ajiye shi cikin takinsa. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya tona da ɗan tsinke, ya ɗago kai ya ce wannan ai ƙwallon aduwa ne. Jagaba ya yi murmushi ya ce Alhaji ya san daji.

Daga nan bakin Baba ya buɗe. Ni da aka haifa a Kumasi, man kaɗanya a kasuwa na san shi, daddawa a miya na san ta, amma in ka tsayar da ni gaban itacen ba zan nuna maka ba. Shi kuwa yana tafe yana kira: wannan kaɗanya ce, dubi ɓawonta kamar bayan kada, waccan ɗorawa ce, ga maje, ga kanya, can bakin ruwa maɗaci ne, da ɓawonsa ake maganin ciwon ciki. Jagaba yana faɗin sunan da yarensu, Baba yana faɗi da Hausa, wani lokacin su yi musu kaɗan su shirya. Shekara da shekaru ina zaune gida ɗaya da mutumin nan ban san yana ɗauke da wannan ilimi ba, domin babu inda zai fito da shi a cikin gari.

Mun ga mariya garke guda, jajaye, suna kiwo a fili. Da suka hango mu sai ɗaya ta yi wani siririn fito, duk suka ɗaga kai lokaci ɗaya. Mun ga mazo a gindin kurmi, da gwambaza biyu, da zabin daji suna ta gudu a gabanmu ba su tashi. Gadu kuwa ba a maganarsu, har cikin masauki suke shiga suna durƙusawa a kan gwiwa suna cin ciyawa.

Da muka doshi tafkin sai jagaba ya ɗebi ƙura a hannu ya sake ta a hankali. Ya ga inda iska ta kai ta, sai ya sauya mana hanya muka zagaya. Ya ce idon giwa ba shi da ƙarfi, amma hancinta ba ya kuskure, don haka dole iska ta taso daga wajenta zuwa wajenmu. Muka fito ta bayan wani suri, sai ga su. Toron giwa huɗu a cikin ruwa, jikinsu ya yi baƙi wuluk saboda jiƙa. Ɗaya ya nutse gaba ɗaya sai hancinsa kawai a sama. Wani ya fito gaɓa yana ɗibar ƙasa yana watsa wa bayansa, har ya koma ja. Tsakaninmu da su bai wuce taku sittin ba. Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarar: ruwa yana zuba daga bakinsu, kunnuwa suna faɗawa jikin wuya faf, faf, da wani gurnani can ƙasa-ƙasa da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka. A gefe ga kada kwance baki buɗe, ga balbela suna bin sawun giwayen. Baba ya dogara da sandarsa yana ta tasbihi a hankali. Mun fi minti ashirin a wurin, ba wanda ya ce uffan.

Wato in ban da mutum biyu. Akwai wasu samari a cikinmu da suka zo da waya tana kiɗa tun daga sama, sai da aka roƙe su sau biyu suka kashe. A bakin tafkin ma ɗayansu ya fara matsawa gaba yana juya baya wai zai ɗauki hoton kansa da giwa. Jagaba bai ɗaga murya ba, ya kama rigarsa ya dawo da shi, ya ce bindigar nan ta harbin sama ce don a kori dabba, ba ya fatan ranar da zai juya ta ga giwa saboda wautar mutum. Raina ya ɓaci ƙwarai da yaran nan. Wanda ba zai iya yin shiru na sa'a biyu ba, don Allah ya bar wa wasu wurin.

Dawowa ita ce wahalar. Tudun da ka gangara da sanyin safiya shi za ka hau wajen ƙarfe tara, rana ta fara zafi. Sau uku Baba ya zauna a kan dutse. Ya hau, amma ya ji a jikinsa, ya kuma yi barci har azahar. Mai ciwon zuciya ko wanda numfashi ke yi wa wuya, ya tambayi likitansa kafin ya gwada. A riƙe ruwa aƙalla babbar gora ɗaya ga kowa. Kada a sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu, domin ƙudan tsando su yake bi. Ni rigata shuɗiya ce, kuma na sha cizo a kafaɗa ta cikin yadin. A masauki kuma a rufe ƙofa da taga, gwaggon biri ya ɗauke mana burodi a kan tebur muna zaune muna kallo. Watan Maris da Afrilu zafin yankin yakan kai digiri 40, ba zan kai dattijo a lokacin ba. Da damina kuwa ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa ya samu ko'ina, giwaye su bazu cikin daji. Disamba zuwa Fabrairu ya fi.

Da yamma mun gwada fita a mota don kwatantawa. An yi nisa, mun ga dabbobi da yawa fiye da na safe, har da gwanki. Amma daga saman mota ba ka ganin sawu, ba ka jin ƙanshin ciyawa, ba wanda zai tsaya don ƙwallon aduwa. Kuɗinta ma ya fi, domin ban da na ma'aikaci akwai na mota. In ɗaya za ka zaɓa kuma ƙafarka na ɗaukarka, zaɓi ta ƙasa.

Washegari muka je Mognori, wani ƙauyen manoma a gefen gandun, inda mutanen garin da kansu suke kai baƙi bakin kogin Mole. Wannan ita ce tafiya mafi sauƙi duka, babu hawa babu gangara. Ka ratsa gonaki da kaɗanya a tsaitsaye cikinsu, ka shiga inuwar manyan itatuwan gaɓa, iska ta sauya nan take ta yi sanyi. Da rani kogin yakan ja baya ya zama guntaye, saboda haka yawon kwale-kwalen ba mai nisa ba ne. Wanda ya zo da tunanin babban kogi kamar Volta zai ga ƙanƙanta. Mu dai ya ishe mu. Ruwan a kwance yake, rassa sun sunkuyo har suna taɓa shi, guza yana shan hantsi a kan kututture, tsuntsaye masu kamun kifi suna faɗawa ruwa suna fitowa. A cikin gari matan suka nuna mana yadda ake soya ƙwallon kaɗanya a niƙa, a yi ta bugu da hannu cikin ruwa har man ya taso fari. Na sayi ƙwarya guda na kai wa Inna. Na ji daɗin cewa kuɗin da muka biya a hannun mutanen garin ya tsaya.

A hanyar komawa muka tsaya a Larabanga, gaban tsohon masallacin nan na ƙasa, fari fat da itatuwa a soke a jikinsa, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 aka gina shi. Ƙofofinsa gajeru ne, sai an sunkuya. Baba ya tsaya a gindin kukar da ke jikin masallacin ya daɗe yana addu'a, na ji yana ambaton sunan kakansa da na fataken da suka mutu a hanya ba a san kabarinsu ba.

Mun wuce Buipe ina zaton barci yake, sai ya ce, ido a rufe, "Baɗi in Allah ya kai mu, ka taho da yaran gida. Ka kuma zo da littafi da biro, zan faɗa maka sunayen itatuwan ka rubuta."