Hodar saiwa da na gwada wa dashen kashu a bazarar Sakkwato

Abin da ya sa na sayi hodar nan shi ne ina so dashen kashun da na yi a gonata ta wajen Wamakko ya tsallake bazarar farko. Duk wanda ya taɓa dasa itace a tudun Sakkwato ya san a nan asara take. Damina tana ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba, ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 700 ba, hunturu ya zo ya busar da ƙasa, sannan Maris da Afrilu su kawo zafin da ke haura digiri 40. Shi kuwa kashu, wanda wasu ke kira yazawa, asalinsa daga Brazil yake, kuma a Najeriya ya fi samun kansa a Kogi da Kwara da Oyo, inda ruwan sama ya fi namu nesa ba kusa ba. Babban itacen yana jure fari don saiwarsa ta yi nisa a ƙasa. Ƙaramin da bai shekara ba shi ne abin tausayi.

Hodar ba taki ba ce, ba kuma maganin ƙwari ba. Ƙwayoyin wata fumfuna ce mai rai da masana ke kira maikoraiza, an cuɗa su da busasshen yumɓu. Idan ta haɗu da saiwa sai ta shiga ciki ta zauna, ta fitar da zare-zare sirara da ido ba ya gani, su ratsa cikin ƙasa har inda gashin saiwar ba zai iya kutsawa ba. Daga can suke jawo wa itacen sinadarin fosfaras da ɗan ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyin rairayi, shi kuma itacen ya biya ta da sukarin da ganyensa ke haɗawa. Galibin tsirran da ke doron ƙasa suna da wannan cuɗanya tun asali. Ƙasar jigawa irin tamu, wadda fosfaras ɗinta ya yi ƙaranci, ita ce inda aka fi ganin amfaninta.

Kafin in biya kuɗi sai da na karanta bayan leda da kyau, domin fumfunar iri-iri ce. Wadda kashu ke karɓa ita ce mai shiga cikin saiwa, kuma sunan da na gani a jikin tawa shi ne Rhizophagus irregularis. Akwai wata mai naɗe saiwa ta waje, wadda ake yi wa itatuwan ƙasashen sanyi. Wanda ya saye ta don kashu ya zubar da kuɗinsa.

Tun a wurin reno na yi amfani da ita. Cokali ɗaya a ramin da za a sa ƙwallon kashu cikin leda, yadda saiwar farko za ta bi ta kanta idan ta fito. Rabin ledojin na sa musu, rabi na bar su haka, ƙasa ɗaya, takin dabbobi ɗaya, ban-ruwa ɗaya. Dattijon da ke kula mini da gonar ya tsaya yana kallona, ya ce, "Alhaji, wagga hoda mi za ta yi ma icce?" Na ce, "Baba, mu bar wa bazara ta ba mu amsa."

Da damina babu abin da za ka nuna wa mutum. Duka sun yi kore, duka sun yi tsawo. Har bayan mun dasa su a gona a Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa, ban ga bambanci ba, sai dai da muke yanke ledojin na lura ƙasar waɗanda aka sa wa hodar ta fi riƙe jikinta, ba ta wargajewa a hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kashu, domin ba ya son a taɓa masa saiwa wajen dashe.

A Afrilu ne abin ya fito. Ruwan rijiyarmu ya ja baya, dole muka tsawaita tazarar ban-ruwa. Layin da ba a sa wa hodar ba shi ke fara sunkuyar da kai tun kafin azahar, gefen ganye ya ƙone, sabon toho ya bushe. Ɗaya layin ma yana jin jiki, ba zan ɓoye ba, amma yakan jinkirta kafin ya yi yaushi, kuma idan aka ba shi ruwa da yamma, da safe ka tarar ya miƙe. Mun yi asara a layukan biyu, sai dai ta layin hodar ba ta kai ta ɗayan ba. Baba da kansa ya fara nuna wa maƙwabta. Gona ɗaya ce kuma shekara ɗaya, don haka abin da na gani kawai nake faɗa. Amma na gani.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake sayar da ita. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, amma za ka tarar da ledojin a shagon kwano suna gasuwa tun safe, wasu ma ba ranar da aka yi su a jiki. Ba yadda za ka gane mai rai daga matacciya da ido. Wani abokina ya sayi irinta a wani shago daban, bai ga komai ba, kuma ina kyautata zaton tun kafin ta iso hannunsa ta mutu. Ga tsada. Ga bayanin amfani da Turanci kaɗai, da ƙananan haruffa, babu ko layi ɗaya na Hausa, alhali a cikinsa ne muhimman gargaɗi suke: idan ka zuba takin zamani mai yawan fosfaras, irin sufa ko NPK, itacen ba zai damu da karɓar fumfunar ba, kuma wasu magungunan feshin fumfuna suna hallaka ta. Manomi da bai san wannan ba zai haɗa su duka da kyakkyawar niyya, ya ɓata aikin. Mai shagon da ya sayar mini cewa ya yi in barbaɗa a saman ƙasa. Ba haka ba ne, sai ta taɓa saiwa.

Kuma kada kowa ya ɗauka za ta maye gurbin ruwa. Mu mun haɗa da ciyawa a gindin kowane dashe, da ɗan kwari don tare ruwa, da sa ido kan gara, wadda ke son ciyawar kamar yadda itacen ke sonta.

Bana zan sake saye, amma kaɗan, daga wurin da ake ajiye ta a inuwa. Sauran ledojin zan gwada musu ta gida. Albasa da dawa da gero da wake duk suna ɗauke da irin wannan fumfuna a saiwarsu, albasa ma ta fi dogara da ita, kuma ba mu rasa albasa a Sakkwato ba. Za mu ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin itatuwa masu lafiya, mu shuka dawa da wake a ciki na kamar wata 3, mu daina ban-ruwa har su bushe, sannan mu yayyanka saiwar mu cuɗa da ƙasar. Fumfunar da ta saba da zafinmu ita nake so in auna da ta leda, layi da layi, a bazara mai zuwa in Allah ya kai mu.