Zoben baiko mai babban daimon siffar ƙwai: na haƙowa ko na ƙira?

Zoben baiko ba ya cikin abin da muka gada, domin a wajenmu kayan sa rana da lefe ne ke nuna cewa magana ta tabbata, shi kuwa zoben daimon al'ada ce da kamfanin daimon na De Beers ya ƙarfafa ta da talla a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1930, har ta zama kamar wajibi a can. Amma yanzu ta iso biranenmu, kuma a 'yan shekarun nan yawancin masu nema siffa ɗaya suke ambata, wato doguwar nan mai kama da ƙwai, kuma suna son nauyin dutsen ya kai karat 2 ko 3 yadda za a hango shi a hoto. Da yake ni ce ake yawan ɗora wa sayayyar lefe a danginmu, na sha zama gaban masu sayarwa da wannan tambaya: a sayi wanda aka haƙo daga ƙasa, ko wanda aka ƙera a masana'anta?

Abu na farko da ya kamata mai saye ya fahimta shi ne cewa duwatsun biyu duk daimon ne. Sinadarinsu ɗaya ne, wato kabon, taurinsu ɗaya ne, maki 10 a ma'aunin Mohs wanda babu ma'adinin da ya kai shi, kuma yadda suke mayar da haske ɗaya ne. Na haƙowa ya samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, ya shafe shekaru fiye da biliyan ɗaya kafin aman wutar dutse ya turo shi sama, kuma yau ana haƙo shi a wurare irin su Jwaneng da Orapa a Botswana, da Rasha, da Kanada. Na ƙira kuwa kamfanin General Electric ya yi nasarar samar da shi a 1954, kuma yanzu ana yin sa cikin makonni ta hanyoyi biyu: ko dai a matse kabon da ƙarfi cikin zafin da ya haura digiri 1,300, ko kuma a sanya ɗan ƙwayar daimon cikin injin da aka cika da iskar gas mai kabon, ta riƙa sauka a kansa yana girma. Sin da Indiya ne suka fi yin sa, kuma birnin Surat na Indiya, wanda dama can shi ke yanka mafi yawan daimon ɗin duniya, yana yanka iri biyun duka. A 2018 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta cire sharaɗin cewa sai dutse ya fito daga ƙasa kafin a kira shi daimon, sai dai ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana asalinsa.

Inda suka rabu shi ne farashi, kuma ratar tana ƙara faɗi gwargwadon girman dutsen. Farashin na haƙowa ba ya tafiya daidai da nauyi, domin manyan duwatsu sun fi ƙaranci, saboda haka karat 3 ya ninka kuɗin karat 1 sau da yawa fiye da uku. A abin da na gani a shaguna, na haƙowa siffar ƙwai mai karat 3, fari kuma mai tsabta, da wuya a same shi ƙasa da dala 20,000, kuma nagari sosai yana wuce haka nesa, alhali irinsa na ƙira bai cika wuce dala 1,000 zuwa 3,000 ba. Wanda ya lissafa wannan rata da canjin dala na yau zai ga cewa a tsakaninsu akwai kuɗin fili a unguwa mai kyau. Labarin kamfanin De Beers kansa ya isa misali: a 2018 ya buɗe reshen sayar da na ƙira mai suna Lightbox a kan dala 800 kowane karat, a 2024 ya sauke zuwa dala 500, a 2025 kuma ya sanar da rufe reshen saboda farashin ya faɗi ƙwarai.

Ba zan ɓoye ba, ni na ƙira nake zaɓa, kuma dalilina ya samo asali ne daga yadda matanmu suke kallon kayan ado tun zamanin iyaye. A wajen macen Bahaushiya gwal ado ne kuma ajiya ce, ranar da buƙata ta taso ta kai sarƙarta wajen masu gwal na kasuwar Sabon Gari a Kano ko ta Wuse a Abuja, a ɗora a sikeli, a biya ta a kan farashin ranar. To, waɗannan mutane idan an kai musu zobe mai dutse, abin da suke fara yi shi ne cire nauyin dutsen daga lissafi, domin sana'arsu ta zinare ce kuma ba su da mai saye da ke jiran daimon. Ko a ƙasashen da ake da kasuwar sake sayar da shi, wanda ya mayar da na haƙowa yakan tafka asara mai yawa a kan abin da ya biya. Gaskiya ne na ƙira kusan ba shi da wata daraja idan an zo sayarwa, kuma farashinsa yana iya ci gaba da sauka, amma asarar dala 1,500 gaba ɗaya ta fi sauƙin haɗiya a kan asarar rabin dala 25,000. Idan ango yana da halin sayen na haƙowa, shawarata ita ce ya sayi na ƙira mai kyau a kan zobe mai nauyin gwal, ragowar kuɗin ya zuba su a sarƙa da awarwaro masu karat 21 ko 22, musamman ganin cewa zinare ya haura dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025, ya kuma haura 4,000 a Oktoban shekarar. Wannan shi ne sayen nagari da ke mayar da kuɗi gida, kuma amarya ta samu ƙyallin da take so a yatsa ba tare da fargabar fita da kuɗin gida guda a hannu zuwa gidan biki ba.

Na haƙowa yana da masoyansa, masu son a ce abin hannunsu ya girmi duwatsun Dala da Gwauron Dutse, kuma wanda kuɗin ba zai girgiza shi ba babu mai hana shi. Mosanait da zakoniya kuwa, duwatsun da ake sayarwa a madadin daimon saboda kamannin da suke yi da shi, ba daimon ba ne sam, na biyun ma yakan dushe ya kakkarce cikin 'yan shekaru.

Game da siffar ƙwai ɗin kanta, wadda wani mai yankan daimon a New York mai suna Lazare Kaplan ya fito da salonta na zamani a ƙarshen shekarun 1950, farin jininta ya zo ne daga yadda take shimfiɗa nauyinta a sama. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, kuma zagayayyen dutse mai karat 3 faɗinsa bai wuce milimita 9 da 'yan kai ba, amma siffar ƙwai mai nauyi ɗaya tana kaiwa kusan milimita 12 a tsawo, sai ta fi cika ido kuma ta sa yatsa ya yi kamar ya fi tsawo. Yawancin masu saye suna son tsawon ya ninka faɗin sau 1.35 zuwa 1.50, ƙasa da haka dutsen yakan yi kumburi kamar gauta, sama da haka ya yi siriri kamar ƙwallon dabino. Aibin da ya fi damun wannan siffa shi ne wata baƙar inuwa da ke ratsa tsakiyarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai, kusan kowanne yana da ita kaɗan, amma a wasu takan yi duhu har ta kashe tsakiyar dutsen. Takardar shaidar ingancin dutse ba ta nuna wannan inuwa, domin shekara da shekaru cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta GIA tana ba da makin kyan yanka ne ga zagayayyen dutse kawai, saboda haka dole mai saye ya ɗauki dutsen ya fita da shi daga ƙarƙashin fitilun shago, ya juya shi a hasken rana. Launi ma yakan taru a ƙarshen biyu na ƙwan, don haka a babban dutse gara a tsaya tsakanin D da G a ma'aunin launin daimon, wanda D ne mafi fari a cikinsa kuma rawaya ke ƙaruwa yayin da haruffan ke gaba, idan za a ɗora shi a kan farin gwal, a kan jan gwal kuwa H ko I ba sa nuna rawaya sosai. A nan ma na ƙira ya yi zarra, tunda hawa daga G zuwa E a cikinsa ɗan abu ne, a na haƙowa kuwa dubban daloli ne.

Sai dai duk wannan lissafi ba shi da amfani idan abin da aka miƙo maka ba shi ne aka ambata ba, kuma a nan ne na taɓa ƙonewa. Lokacin baikon ƙanena ya ce mini, "Yaya, ke kika san kan waɗannan abubuwa, ki zaɓo mata," na shiga wani ƙaramin shago a wata tafiya da na yi ƙasar waje, aka nuna mini dutse siffar ƙwai mai walƙiya kamar zai yi magana. Mai shagon ya ɗauko 'yar na'urar nan mai kama da alƙalami, ya dangwala bakinta a kan dutsen, ta yi ƙara, fitilarta ta haska, ya ce ga shaida nan. Ya haɗa mini da wani kati mai sheƙi ɗauke da tambarin wata cibiyar da ban taɓa jin sunanta ba, na biya kuɗin daimon na ƙira ina murna na yi ciniki. Bayan wata biyu zoben ya yi wa yarinyar yawa, na kai shi wajen wani dattijon maƙerin zinare a rage shi. Ya kafa ɗan gilashinsa a ido, ya karkata dutsen ta gefe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, nawa aka sayar miki da wannan?" Ya miƙo mini gilashin, na duba, sai na ga kowane layin yanka na can ƙasan dutsen ya zama biyu, kamar rubutun da aka buga sau biyu a takarda ɗaya. Mosanait ne, wanda kuɗinsa bai kai rubu'in abin da na biya ba, kuma sai na sake sayen wani daga aljihuna don kada magana ta fita tsakanin surukai.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa wannan na'ura mai araha tana auna yadda dutse ke ɗaukar zafi ne kawai, kuma mosanait yana ɗaukar zafi kusan kamar daimon, don haka yana tsallake ta lafiya lau. Ba ta kuma iya bambance na haƙowa da na ƙira, wannan sai manyan na'urorin cibiyoyin bincike. Duk mai shagon da ya ce maka ƙarar na'urarsa ta tabbatar da cewa dutsen na haƙowa ne, ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuma ya san ta fiye da kima. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake tsoron na haƙowa ga mutanenmu: wanda aka yaudara a na ƙira ya rasa ɗaruruwan daloli, wanda aka ba na ƙira a matsayin na haƙowa kuwa ya rasa dubbai masu yawa, kuma ido ba zai taɓa gaya masa ba.

Takardar da za a amince da ita ita ce ta cibiya sananniya, kamar GIA ta Amurka da aka kafa a 1931, ko IGI da aka kafa a Antwerp ta Beljiyam a 1975, wadda ita ce ta fi tantance na ƙira. Ko ita ma takardar ba a karɓarta da ka. Kowace tana da lamba, kuma ana rubuta lambar da leza a ƙugun dutsen, ƙanana ƙwarai yadda sai da gilashin ƙara girma ake karanta ta, a na ƙira kuma galibi akan haɗa da alamar da ke nuna asalinsa. Mai saye ya karanta lambar da idonsa, ya shiga shafin cibiyar a wayarsa yana tsaye a shagon, ya tabbatar akwai ta, sannan ya sa a auna tsawo da faɗi da zurfin dutsen da nauyinsa a gabansa a gwada da abin da ke shafin. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane suke tsallakewa, alhali GIA kanta ta sha bayyana cewa an kawo mata duwatsun ƙira da aka yanka su yi kusa da awon wani na haƙowa mai takarda, aka kuma zana musu lambarsa ta jabu. Bambancin ɗan ɓangaren milimita ko ɗigon nauyi shi ke tona asirin, kuma ga dutse mai tsada irin wannan bai kamata a ji nauyin kai shi wani wuri mai zaman kansa a sake dubawa kafin a kammala biya ba. A lura kuma cewa daga ƙarshen 2025 GIA ta daina ba na ƙira makin launi da tsabta dalla-dalla, ta koma raba shi aji biyu kawai, saboda haka kada a yi mamakin ganin takardunta na baya da na yanzu sun bambanta.

Masu tallar zobe a Instagram da WhatsApp kuwa sai an yi taka-tsantsan ninki biyu, domin bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin fitila yana sa ko kwalba ta yi ƙyalli, kuma ba a cinikin biri a sama. Wasu sukan rubuta nauyin duka duwatsun zoben, har da ƙananan da ke kewaye, su kira shi karat 3, alhali na tsakiyar bai kai 2 ba. Wasu kuma a gwal ɗin suke cuta, su ce 18 ne alhali azurfa ce aka yi wa ruwan gwal, saboda haka a duba hatimin cikin zoben, 750 na nufin karat 18, 585 na nufin 14, 925 kuwa azurfa ce, sannan a kai wa mai gwal ya gwada tunda hatimi ma ana buga na ƙarya. Karat 18 ya fi dacewa da riƙe babban dutse, domin 21 da 22 da muka saba da su suna da laushi, haƙoran da ke riƙe dutsen suna iya buɗewa idan zoben ya maƙale a leshi ko mayafi. Ga dutse mai tsawon milimita 12 a nemi haƙora shida maimakon huɗu, kuma kada ƙarfen zoben ya yi siriri ƙasa da milimita 2 duk da yayin da ake yi na sirara. A rasit kuma a sa mai shago ya rubuta da hannunsa ko dutsen na haƙowa ne ko na ƙira, da nauyin na tsakiya shi kaɗai, da lambar takardarsa, da nauyin gwal ɗin a giram, da adadin kwanakin da za a iya mayar da shi a karɓi kuɗi.