Manhajar koyon Jamusanci da launuka: ta yi min rana, amma darasin Dativ ya ɓata min rai

Abu ɗaya ya sa na biya kuɗin manhajar nan: der, die, das, ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna su nuna jinsinsa (namiji, mace, da wanda ba namiji ba mace ba). Duk wanda ya zauna koyon Jamusanci ya san ciwon kan da ke wurin. Mu a Hausa jinsi biyu gare mu, kuma galibi ƙarshen kalma yana nuna maka hanya. Su uku gare su, har yarinya ma, das Mädchen, ba ta shiga sahun mata ba saboda -chen ɗin da ke ƙarshenta. Ni kuwa aikin jinya nake nema a Jamus, dole sai na kai matakin B2 na ƙwarewa a harshen.

Da farko wallahi na ji daɗinta. Kowane jinsi da launinsa: der shuɗi, die ja, das kore, kuma kowace kalma tana zuwa da hotonta a cikin zobe mai wannan launi. Sai ka ga ido ya riƙe abin da kai ya kasa haddacewa. Inda ta fi burge ni shi ne kalmomin nan tara masu fuska biyu, masu nuna inda za a je ko inda ake, su in, auf, unter da zwischen. An zana kyanwa tana tsalle zuwa kan tebur, ga kibiya: auf den Tisch. Hoto na gaba ta kwanta abinta, babu kibiya: auf dem Tisch. Nan take bambancin Wohin (zuwa ina) da Wo (a ina) ya zauna min daram. Allah Ya saka wa wanda ya yi wannan zanen.

To amma da na isa darasin Dativ sai murna ta koma ciki. A Dativ, wato sigar da suna ke ɗauka idan shi aka ba wa ko aka yi wa abu, die na mace yana komawa der. Jimlar da suka kawo ita ce "Ich gebe der Frau das Buch" (na ba matar littafin), kuma suka shafa wa der ɗin shuɗi, launin maza! Haba jama'a. Kun koya wa idona cewa shuɗi namiji ne, yanzu kuma ku sa wa Frau shuɗi? Da alama na'urarsu haruffa kawai take bi, duk inda ta ga der sai ta zuba shuɗi. Na duba Genitiv, sigar mallaka, haka abin yake, har da na jam'i. Ni na gane ne don akwai malamar da ke duba ni. Wanda yake koyo shi kaɗai a ɗaki fa? Zai haddace kuskure da kuɗinsa, ya tafi da shi ɗakin jarrabawa. Na rubuta musu har da hoton shafin, amsar na'ura kawai na samu. Sabuntawa ta zo, an canja tambari, shuɗin yana nan.

Rumbun hotunan da suka yi ta tallatawa shi ma bai kai yadda aka zuzuta ba. In ka rubuta Tur ba ɗigo biyu a kan u, ba zai kawo maka Tür (ƙofa) ba, alhali ba kowa ne ya san yadda ake fito da wannan harafin a waya ba. Ga cin data, kuma ba ya ajiye komai. Intanet na ɗaukewa sai farin allo. Yanzu Wikimedia Commons da Europeana nake shiga kyauta in zaɓo hotuna in haɗa katunana. A Commons ɗin ma na ci karo da zanen Kano daga saman Dala na tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo birnin a 1851, na daɗe ina kallonsa.

Kuma ja da kore a cikin rana kusan ba sa rabuwa a wayata, balle ga mai matsalar bambance su. Me zai hana su ƙara wata alama, ko da'ira ko murabba'i?

Mai shirin A1, matakin farko, zai amfana da ita, ban hana ba. Ni dai ba zan sabunta kuɗin wata ba sai ranar da Frau ta dawo ja a Dativ.